Clouds ko Daisy: a kan wanne za ka rubuta manhajar lufa?

Malam, ka ce kana so ka rubuta wa kanka manhajar lufa, wadda za ta ɗauki kiɗan gurminka ta riƙa maimaita shi kana ɗora wani a kai, kuma ka rasa wanda za ka saya cikin modul biyu, wato ƙananan na'urorin sarrafa sauti: kwafin Clouds mai araha, ko Patch.Init na kamfanin Electrosmith mai ɗauke da Daisy, ƙaramin allon kwamfuta na sauti. Ni dai Daisy zan ce maka, kuma dalilin yana cikin lissafin ma'ajiya.

Clouds aikin Émilie Gillet ne ta kamfanin Mutable Instruments na Faransa. An daina ƙera shi a 2017, kamfanin ma ya rufe a 2022, amma da yake ta saki zanen allon da kod ɗinsa ga kowa, har gobe mutane na ƙera kwafinsa irin su Monsoon da uBurst. Ƙwaƙwalwarsa STM32F405 ce mai gudun MHz 168, RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take aiki da ita, kilobait 192 kacal. To sauti mai kunne biyu (hagu da dama) a kan kHz 32 da bit 16, wato samfuri 32,000 a daƙiƙa kowanne bait 2 ga kowane kunne, yana cin bait 128,000 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa Clouds ba ya riƙe fiye da daƙiƙa 1 a mafi kyawun ingancinsa. In ka koma kunne ɗaya ka samu 2, in ka yarda sautin ya dushe zuwa bit 8 da kHz 16 ka samu 4 ko 8, nan ne iyakarsa. Kiɗa mai bugu 100 a minti kuwa, zagaye huɗu masu bugu huɗu-huɗu daƙiƙa 9.6 ne. Ka ga tun ba a je ko'ina ba buhun ya cika.

Daisy ya fito a 2020, da ƙwaƙwalwar STM32H750 mai kaiwa MHz 480 da kuma ƙarin ma'ajiya mai suna SDRAM megabait 64. Ko ka ajiye sautin a kHz 48, kunne biyu, bait 4 ga kowane samfuri, bait 384,000 ke nan a daƙiƙa, wato kusan minti 3. Ka sauko bit 16, ya ninka. Kana iya raba minti 3 ɗin nan gida huɗu ka yi layi huɗu, kowanne ya haura daƙiƙa 40.

Kada wannan ya sa ka raina Clouds. Yana zuwa da yanayin maimaita sauti a cikinsa, kuma dushewar nan ta bit 8 akwai masu nemanta ido rufe, don tana ba sauti wani kaushi mai daɗin ji. Kod ɗin Gillet makaranta ce; duk mai son sanin yadda ake matse aiki mai yawa cikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ya zauna ya karance shi. Daga nan Matthias Puech ya gina Parasites, wata manhajar dabam da ake loda wa Clouds. In gutsuren sauti kake son daskarewa kana juya shi, Clouds ya isa. Abin da ka bayyana ne ba zai ɗauka ba.

Wajen loda manhaja ma akwai tazara. A Clouds ana mayar da ita fayil ɗin WAV, a kunna shi cikin jakin shigar sauti, a zauna ana kallon fitilu har ya gama. In ƙarar ta yi ƙasa ko wani saƙo ya yi ƙara a kwamfutar, sai a sake daga farko. Mai gwaji sau da yawa a dare ɗaya zai buƙaci ST-Link, ƙaramar na'urar da ke tura manhaja kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar. A Daisy kebul ɗin USB ne: ka danne BOOT, ka taɓa RESET, ka saki, ka tura. Kana da zaɓin C++ ko Arduino ko Pure Data, kuma laburaren DaisySP, tarin kod ɗin sarrafa sauti na Daisy, yana da lufa shiryayye da za ka fara da shi.

Abubuwa uku za su ba ka wahala ko da ka ɗauki Daisy. SDRAM ba ya tashi a goge, saboda haka ka cika shi da sifili bayan na'urar ta tashi, in ba haka ba ranar farko ƙarar da za ta fito sai ta firgita gidan. Sai ƙas ɗin da ake ji inda ƙarshen lufa ya haɗu da farkonsa. Maganinsa ka haɗa bakin biyu a hankali cikin 'yan milisakan, ɗaya na sauka ɗaya na hawa. Wajen ɗora sabon kiɗa kuma, ka rage tsohon kaɗan, misali ka ninka shi da 0.9, don kada su taru sautin ya fashe.

Inda Patch.Init ya matse shi ne fuskarsa: mamurɗa huɗu, maɓalli ɗaya, makunni ɗaya. Ɗauka, ɗorawa, tsayarwa da gogewa duk a kan maɓalli ɗaya za su hau, sai ka bambance taɓi ɗaya, taɓi biyu da dannewa. Ka zana wannan a takarda kafin ka rubuta layin kod ko ɗaya, kuma tunda hannuwanka biyu suna kan gurmi, ka ware jakin get ɗaya, wato mashigar siginar kunnawa da kashewa, don feda ta ƙafa.