Garejin da Ya Gyara Mini Giyar Babur a Kano

Babur ɗina ya shafe watanni yana fitar da giya ta biyu, musamman idan na ɗauko kaya ina hawan gada, sai in ji injin ya yi kuka a banza alhali tayar baya ta daina ja. Wani bakanike ya sauya mini farantan kuloci har sau biyu, amma matsalar tana nan.

Mai wannan garejin bai taɓa kulocin ba. Ya tsiyaye baƙin mai a tasa, ya nuna mini ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, sannan ya raba injin biyu. Ƙusoshin da ke gefen giyar, waɗanda suke shiga ramukan 'yar'uwarta su riƙe ta, sun siɗe sun zama mulmulallu, kuma ƙarfen mai baki biyu da ke tura ta ya ɗan lanƙwashe. Ya ce, "Alhaji, taka giya da ƙarfi ba tare da kama kuloci sosai ba ne ya jawo wannan."

Ya sauya giyoyin biyu tare, domin sabuwa ba ta zama lafiya da tsohuwa. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne, ya yi alƙawarin kwana biyu amma sai da ya yi biyar. Tun daga ranar giyar ba ta sake fita ba.