GARGAƊI: mai cewa shi injiniyan rezo ne ya ci min jikka 185 a nan Maradi

Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wanga abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya da dare wani abokina mai shago wajen babbar kasuwa ya ce min shi ma wani "injiniya" ya zo mishi da maganar lasisin ruta, wato akwatin da ke raba wa kwamfutoci intanet, sai na ce wallahi yau ko za a yi min dariya har Tibiri sai na faɗa.

Jikka 185. Sefa dubu ɗari da tamanin da biyar. Ban sa tsohuwar rutata da ya ɗauka a lissafi ba, ban sa kwanakin da na rufe shago ba, ban sa shayi da abincin da ya ci a wurina ba, wannan na bar shi sadaka.

Waɗanda sunka san ni sun san ina da ɗan shagon fotokopi da buga takardu a hanyar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kwamfuta shida, imprimant babba guda, yawancin masu zuwa ɗalibai ne masu buga memuwar da masu cika dosiye a intanet. Shekara tara ina wanga aiki. Ni ba yaro ba ne, kuma ba baƙauye ba ne a harkar kwamfuta, ina sa Windows da kaina, ina canza disk, ina kwance imprimant in maida. Ina faɗin haka ne don masu shirin rubuta min "ai kai ka so" a ƙasa. Abu guda ne ban taɓa zama na koya ba, shi ne wannan harka ta adireshi da rezo tsakanin kwamfutoci, kuma ta nan ɗin ya shigo min.

Ranar da ya fara zuwa ba gyara ya zo yi ba fa. Fotokopin takarda biyu ya zo yi. Ya tarar ina ta fama, imprimant ta ɓace daga kwamfuta huɗu, ɗalibai sun yi layi, ni gumi kawai nake. Ya tsaya yana kallo ya ce "Alhaji, ko in duba maka?" Ya zauna, ya buɗe wannan baƙin allo, ya rubuta ping, wato gwajin da ake yi a ga ko wata na'ura na amsawa, da wasu lambobi, ya je jikin imprimant ya danna danna, minti biyar bai cika ba takarda ta fara fitowa. Ya ce adireshinta ne ke canzawa duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, yanzu ya kafe mata guda. Kuma gaskiya ne, wannan gyaran na Allah da Annabi ne, har yau tana aiki. Na zaro jikka biyu na miƙa mishi, ya maida hannuna ya ce "haba Alhaji, don wanga ɗan abu? Bar shi don Allah." An kira la'asar munka tafi masallaci tare, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa.

To ku gaya min, wa zai zargi wanga mutum? Ya ƙi jikka biyu. Jikka biyun nan ita ke hana ni barci, ina kwance ina ganin hannun nan nashi yana ture nawa. Ashe tsaba ce ya watsa wa kaza.

Bayan kamar sati uku, a'a, kafin nan ma ya sake biyowa sau biyu gaisuwa kawai, har ya kawo wa yaron shagona kle USB kyauta. To bayan nan ne intanet ta fara yi min wasa, wannan kwamfuta ta samu waccan ta rasa, gobe su juya. Ina da modem na kamfanin waya, sai na haɗa mishi wata 'yar ruta TP-Link da na sayo a Kano tun da daɗewa don wifi ya kai bayan shago. Na kira shi. Ya zo ya duba ya girgiza kai kamar likita ya ga gawa, ya ce rutar ta ƙone ciki, wuta ta buge ta, kuma kabil ɗina duk na banza ne. Ya ce in ina son hutu na har abada in sa ruta mai suna MikroTik, irin wanda masu wifi zon ke sawa suna sayar da tikiti, yana da sabo dal a kwali. Jikka 75. Kabil Cat6 jan ƙarfe zalla, jikka 30. Aikin hannu jikka 20, wai don ni ne. 125 ke nan, na ƙirga mishi a hannu, ba resi, ba fakitir, don ni na ce mishi ma ba sai ya rubuta ba. Ni da bakina. "Haba injiniya, tsakaninmu?" Haka na ce.

Tsohuwar rutar ya sa a jakarshi ya ce zai cire wani abu ciki ya jefar da sauran. Kwalin sabuwar ma ban gani ba, ya ce ya bar shi gida.

Kuma abu ya yi kyau, kar in yi ƙarya. Wata guda cur ba matsala. Har na ba mutum biyu lambarshi, wannan ma yana cikin abin da ke ci min rai, ɗaya surukin ƙanena ne.

Sai wata safiya komai ya tsaya. Fitilun modem kore shar, fitilun ruta na ƙiftawa, amma kwamfuta biyar babu intanet, wayoyi su kama wifi su tsaya suna juyawa. Babbar kwamfutar da ke teburina ita kaɗai ke aiki. Na kira, ya ce "af, Alhaji na manta ban gaya maka ba, lasisin MikroTik ne ya ƙare, duk wata ake sabuntawa, jikka 20." Na ce to me ya sa tawa ke aiki? Ya ce ai ita ce sabar, ita kamfani ke barin ta don a samu hanyar biya. Wallahi amsar ta shiga kaina. Muna sayen forfe duk wata, muna biyan Canal duk wata, to me zai hana ruta? Ya zo, ya zauna a teburina, ya juya ekran gefe, minti uku, komai ya dawo. Jikka 20.

Wata na biyu haka. Jikka 20. Lokacin ne ma, ko na farkon ne, ya ja min kunne kar in bari kowa ya taɓa akwatin rutar, kar in danna ɗan maɓallin riset na baya, in na danna garanti ya faɗi kuma lasisin ya goge sai an sayi sabo. Na tambaye shi kod ɗin shiga rutar ya ce ba a ba kiliya, doka ce. Na yi shiru. Kayana, kuɗɗina, cikin shagona, an ce min doka ce na yi shiru.

Na uku yana Damagaram, inji shi. Ya ce in tura ta wajen masu aika kuɗɗi zai gyara daga can. Na tura jikka 20, ina zaune sai na ga kibiyar linzami na yawo da kanta a ekran ɗina, tagogi na buɗewa suna rufewa, intanet ta dawo. Kun san abin da na yi? Kiran yaron shago na yi na ce zo ka ga ilimi. Ina yabon shi! Mutum na cikin kwamfutar da ke ɗauke da sikan na katin ɗan ƙasa da takardun haihuwa da diplom na mutane ɗari da wani abu, ni ina tafa mishi. 125 da 60, 185.

Ranar Litinin da ta wuce abin ya sake tsayawa, lokacin sutnans da ɗalibai ke kare memuwar ɗinsu, shago cike. Na kira ya ce kamfani ya ƙara kuɗɗi, yanzu jikka 35 ne saboda dalar Amurka ta tashi. Ina ta faɗa a waya, sai wata ɗaliba da ke jiran a buga mata memuwar, ashe informatik take karantawa, ta ce "Baba, yi haƙuri, lasisin me?" Na gaya mata. Ta yi shiru ta ce "Baba, MikroTik da lasisinshi yake zuwa a cikin akwatin, kuma ba ya ƙarewa." Na ce ke yarinya injiniya ne fa ya faɗa. Ta ce in ba ta izini ta duba.

Ta zauna a ɗaya daga cikin kwamfutocin da sunka mutu, ta buɗe baƙin allon nan, ta rubuta ipconfig. Adireshin ya fito da 169.254 a farko. Ta ce duk lokacin da ka ga wannan lamba, ma'anarta kwamfuta ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, sai Windows ta laƙa wa kanta na wucin gadi, kuma mai raba adireshin a cikin ruta yake, sunanshi DHCP. Ta zo tawa, tawa 192.168.88 da wani abu, kuma da hannu anka rubuta shi, an kafe, shi ya sa ita ba ta mutuwa. Ba wata sabar. Ya bar ta a raye ne don ya samu ƙofar shigowa da AnyDesk, wato abin da ake sarrafa kwamfutar wani da shi daga nesa, wanda ya sa ya daidaita shi yadda ba sai na amince ba. Ta zare kabil daga ruta ta soka kai tsaye a modem, ta yi ping 8.8.8.8, amsa na zuwa tiri tiri. Intanet lafiyarta lau. Wannan gwajin ko yaron shagona zai iya, wata huɗu ban yi ba don an ce min garanti.

Allah ya kama shi ta wajen lalacinshi. Winbox da yake shiga rutar da shi yana nan a kwamfutata, kuma ya bar kod ɗin a ajiye ciki. Ta danna ta shiga. Ta buɗe wajen lasisi, level 4, babu ranar ƙarewa ko ɗaya. Ta buɗe wani wuri da ake kira Scheduler, wato inda ake ba ruta umarni ta yi abu da kanta in lokaci ya yi, ga shi nan layi ɗaya: duk kwana 30 a kashe DHCP. Shi ke nan. Abin da nake biya jikka 20 ke nan. Agogo ya ɗana min kamar tarkon ɓera, in ya tashi in kira shi, ya danna wuri ɗaya ya kunna abin da shi ya kashe. Minti uku. Jikka 60 a kan danna guda uku.

Na zauna a kan benci, ɗalibai na kallona, wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta tsaya nan ba. Ta juya akwatin, takardar da ke manne a ƙasa duk ta kankare, ramukan kabil da ƙura ciki, tsoho ne tuburan. Ta ce in kawo reza, ta feƙe guntun kabil ɗin da ya rage ta kankare waya ɗaya, jan ya fita sai fari a ciki, alminiyom ne anka shafa wa jan ƙarfe. Jikka 30. Da na ba ta labarin matsalar farko kuma ta ce ga alama modem da TP-Link ne duka biyun ke raba adireshi a lokaci guda suna karo, da an kashe na ɗaya an gama, ko dala ba za a kashe ba. Ke nan rutar da ya ce ta ƙone, ina kyautata zaton tana can shagon wani an sayar mishi a matsayin sabuwa.

Yarinyar nan ta goge layin, ta canza kod ta rubuta min a takarda, ta cire AnyDesk, ta adana min kwafin saitin a kle. Amma kafin ta goge komai na sa ta ɗauki kaftur na duka. Na ce nawa, ta ce a buga mata memuwar kawai. Ita ma ta ƙi kuɗɗi, kuma ku ji yadda mutumin nan ya lalata ni, sai da gabana ya faɗi.

Na kira shi a gabansu na sa a lasifika. Na ce injiniya mene ne Scheduler? Ya yi shiru, ya ce "Alhaji wa ya taɓa maka akwatin? Ai na ce kar a taɓa." Na ce kuɗɗina. Ya ce rezo ba kyau zai kira. Tun ranar waya a kashe, WhatsApp ya toshe ni, shagon da ya taɓa nuna min a unguwar Zariya ya ce nashi ne, na hau kabu-kabu na je, mai shagon ya ce shi ma zama kawai yake zuwa yi.

Waɗanda za su ce in sa suna da hoto, ina da su. Yayana ne ya ce in dakata tunda mun kai magana komisariya, kar in ɓata shari'a da hannuna. Amma kaftur na Scheduler, da na lasisin, da resin jikka 20 da na tura, da saƙon muryar da yake cewa dala ta tashi, duk zan sa su a ƙasa in na rufe lambobin da ke jiki. Wanda ya ce ƙarya nake ya zo shago, akwatin na nan, guntun kabil na nan da rezar.

Ku masu sibar da biro da wifi zon: kod ɗin rutarku naku ne, wanda ya ƙi ba ku ku kore shi. MikroTik ba ya da lasisin wata wata. In intanet ta tsaya ku soka kabil a modem ku gani kafin ku kira kowa. Ku duba ko an sa muku AnyDesk. Ku karɓi resi.

Surukin ƙanena na kira shi shekaranjiya, shi an ci mishi jikka 40 zuwa yanzu, nashi agogon saura kwana shida ya tashi. Ya ce "ai kai ka turo min shi." Ban da abin cewa. Gobe da safe zan ɗauki yarinyar nan a mota mu je Ali Ɗan Sofo ta duba mishi, kuma wannan karon ko ta ƙi ko ta so sai ta karɓi kuɗɗin aikinta.