Kafin ka sayi na'urar wayar ofis a Abuja, tambayi abin da take yi in sabar ta kwanta

Mai sayar da na'urar wayar ofis ta intanet zai cika maka kunne da yawan layuka da naɗar murya. Ni tambayata ɗaya ce: in sabar kamfanin da ke ba ka layi, wato kwamfutar da kiranka ke bi ta cikinta, ta kwanta, na'urar me take yi?

A tsarin SIP, wanda wayoyin intanet ke bi wajen haɗa kira, sabar da aiki ya yi wa yawa ko ake gyaranta takan mayar da lamba 503, wani lokaci haɗe da Retry-After, wato daƙiƙa nawa za a jira kafin a dawo mata. Ƙa'idar RFC 3261 ta 2002, wadda ta shimfiɗa tsarin SIP, ta ce wanda ya sami wannan amsa ya nemi wata sabar. Wannan da sauƙi. Tashin hankalin shi ne sabar ta yi gum, na'ura ta yi ta aikawa har daƙiƙa 32 kafin ta haƙura, mai kira kuwa tuni ya ajiye waya.

Shi ya sa raina ya fi kwanciya da FreePBX, manhajar rarraba kiran ofis da aka gina kan wata manhajar mai suna Asterisk, a ƙaramar kwamfuta mai batirin ajiya. Kana jera layuka biyu ko uku, in na farko ya ce 503, kira ya zarce na biyu ba tare da ma'aikaci ya sani ba. Tana kuma leƙa sabar da saƙon OPTIONS, wato tambayar ko tana aiki, lokaci-lokaci, in ba amsa ta tsallake ta. Amma a duba wuri ɗaya: a Asterisk, in ba a taɓa saitin ba, in rajista da sabar ta yanke, sau 10 ake sake gwadawa, minti ɗaya tsakani, daga nan a daina. Mu da ake ɗauke wa wuta awa da awanni, intanet zai dawo waya tana a mace. A sa mai haɗawa ya ɗaga adadin a gabanka.

Grandstream da Yeastar akwatuna ne masu kyau ga ƙaramin shago, sai dai abin da suka buɗe maka kawai za ka taɓa. Manhajar 3CX kuwa lasisi ne duk shekara, da kuɗin waje.

Sai masu damfara, kuma nan ne na ƙone. Wani kamfani ya sayar wa ofishinmu da ke Wuse layi da alkawarin sabar biyu. Ranar da ta faɗi, adireshin biyu suka mutu tare: ashe inji ɗaya ne aka yi wa suna biyu. Ka nemi adireshin IP na kowacce, ka sa a toshe ta farko a gabanka, ka buga waya ka ƙirga daƙiƙu. Wanda ya ƙi wannan gwaji, tashi ka bar shi.

Akwai kuma masu arha da ba ta da kai, waɗanda layinsu akwatin SIM ne a ɓoye a ɗaki. Alamarsu, abokin cinikinka zai ga baƙuwar lamba maimakon taka, kuma ranar da aka toshe katunan layinka ya tafi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daɗe tana yaƙi da wannan, don haka nemi ganin lasisinsu. In a kasuwar kayan lantarki ta Banex za ka sayi akwati, karɓi rasit mai lambar na'urar, kada a ba ka tsohuwa da kalmar sirrin wani a ciki.