Tuwo ko Shinkafa da Taliya: Wanne Ya Fi Rage Kuɗin Cefane a Gida Mai Mutum Bakwai?

Assalamu alaikum. Wata 'yar'uwarmu da ke zaune a Kano ta kawo tambaya, ta ce su bakwai ne a gida, ita da maigidanta da yara biyar, albashi ɗaya suke dogara da shi, kuma kuɗin cefane yana ƙarewa tun wata bai yi nisa ba. Yawancin girkinta shinkafa ne da taliya, da safe kuma indomi ko shayi da burodi. Surukarta ta ba ta shawarar ta koma tuwo, amma ita tana ganin idan aka haɗa kuɗin surfe da na niƙa da gas ɗin da tuwo yake ci, ga kuma wahalar tuƙi, to duk kanwar ja ce. Tana so a gaya mata gaskiyar lamarin. Yawanmu a gida ya yi kusa da nasu, kuma na yi shekaru a kan kowace hanya, don haka zan ajiye su kusa da juna yadda na gan su a kicin ɗina.

'Yar'uwa, mu fara da awo, domin a nan mutane suke tsayawa. A Kano buhun masara mai kilo 100 yana ɗaukar kwano 40 ko kusa da haka, buhun shinkafa mai kilo 50 kuma kwano 20, shi kuwa katan ɗin taliya leda 20 ne, kowace leda rabin kilo. A gidana leda biyu ba ta wuce ci ɗaya, wato katan guda girki goma ne ya ƙare. Kwanon masara ɗaya kuwa, bayan an surfa an fitar da dusa an niƙa, yana yi mini tuwon dare biyu, har a sami malmala biyu ko uku da za su kwana. Ki ɗauki farashin da kika samu yau a kasuwarku, ki ɗora kuɗin surfe da niƙa a kan na masarar, sannan ki raba kowanne da yawan girkin da yake yi. Duk lokacin da na yi wannan lissafi, masara da dawa ne suke fitowa a ƙasa, shinkafa ta biyo baya, taliya ta zo a sama. Akwai dalili. Mafi yawan alkamar da ake yin taliya da fulawa da burodi da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashinsu yake bin dala. Masara da gero da dawa kuwa gonakinmu ne suke ba da su, abin da ya fi taɓa su shi ne damina da kuɗin taki da kuɗin mota, wanda shi ma ya tashi bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023.

Amma ba a kan hatsin ba ne babban bambancin yake, kuma wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe. Kuɗin gida a tukunyar miya yake zurarewa. Farar shinkafa da taliya ba sa tafiya sai da miyar dage-dage, wato tumatir da tattasai da attarugu da albasa da mai mai yawa, kuma idan babu nama ko kifi ko ƙwai a kai, yara za su ce ba a yi abinci ba. Kayan miyar nan kuwa ɗanyu ne, kullum sai an saya, kuma farashinsu yana hawa da sauka da lokaci. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kura da Kadawa yake cika kasuwar 'Yankaba, miyar tana da sauƙi. Da damina ta kankama, kuɗin da ya saya miki cikin leda a da ba zai ba ki fiye da 'yan ƙwayoyi ba. Ki dubi miyar kuka a gefe guda: cokali uku ko huɗu na garin kuka, daddawa ɗaya, barkono, 'yar albasa, ɗan mai kaɗan, sai ƙashi ko gutsuren busasshen kifi domin ƙamshi. Kusan duka busassun kaya ne da ake saye sau ɗaya a wata a zuba a gwangwani. Haka busasshiyar kuɓewa, haka karkashi. Ranar da maigida bai bar kuɗin cefane ba, mai tuwo tana iya ɗora tukunya da abin da ke cikin sito, mai shinkafa kuwa sai ta aika kanti a karɓo bashi ko ta yi garau-garau.

Abu na biyu da tuwo ya fi su shi ne kwana. Tuwon da ya saura da dare shi ne ɗumamen safe, kuma yaron da ya ci ɗumame da miya mai zafi yana kai wa tashin makaranta bai nemi komai ba. Ki kwatanta da karin kumallon indomi ga yara biyar: aƙalla leda biyar, da ƙwai idan da hali, kuma kafin ƙarfe goma ciki ya koma yadda yake. Shayi da burodi ma haka, ga madara ga sukari. A gidana, ranar da na soke indomin safe na mayar da shi ɗumame kwana uku, koko da ƙosai ko kunun tsamiya sauran kwanakin, ita ce ranar da na fara ganin kuɗin cefane yana kai wa mako na huɗu. Ko ƙanzon tukunya ba ya zuwa bola, ana shanya shi a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Dusar da aka fitar wajen surfe kuma, idan kina da kaji ko akuya abincinsu ne, idan ba ki da su maƙwabta masu kiwo suna saye. Taliyar da ta kwana babu firji kuwa sau da yawa sai dai a zubar.

Yanzu ga inda kike da gaskiya, kuma ba zan ɓoye miki ba. A wajen wuta da lokaci, taliya ta yi wa tuwo nisa. Minti goma zuwa goma sha biyar ta dahu, shinkafa wajen rabin awa. Tuwo sai ruwa ya tafasa, a yi talge, a bar ruɗen ya dahu sosai, a tuƙa, a rufe ya sulala, ga miya a ɗaya murhun. Idan duk wannan a kan gas kike yi, silinda mai kilo 12.5 ba za ta daɗe ba, kuma wani sashe na abin da kika rage a hatsi zai koma wurin mai gas. Ni abin da na yi shi ne raba aiki: tuwo da wake da duk abin da ke son doguwar wuta a kan gawayi, gas kuma na ɗumame da ruwan zafi da miyar da ba ta ɗaukar lokaci. Sai dai gawayi a tsakar gida ko inda iska ke shiga ake hura shi. Kada sanyin hunturu ya sa a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa. Batun wahala kuma gaskiya ne, mace mai fita aiki ko mai goyo ba za ta iya tuƙa tuwo kullum ba. Abin da ke rage ta shi ne niƙa na mako biyu a lokaci ɗaya, a baza garin ya sha iska ya huce, a tankaɗe a zuba a bokiti mai murfi, yadda da yamma ba abin da ya rage sai ɗora ruwa.

Ban ga amfanin a tsaya kan tuwo kaɗai ba, domin masarar nan da geron nan suna da fuskoki da yawa. Tsakin masara yana yin dambu da zogale ko rama, yana yin fate da yakuwa da alayyafo, kuma fate abinci ne da ganye ya fi hatsi yawa a cikinsa, gwangwani biyu na tsaki sai ya cika tukunya. Gero yana yin burabusko da kunu da fura. Lokacin kabewa, miyar taushe da gyaɗa tana ƙosarwa ko babu nama. A ɓangaren shinkafa ma akwai hanyar sauƙi, wato dafa-duka da manja da daddawa, ko shinkafa da wake da mai da yaji, waɗanda ba sa buƙatar tukunyar miya daban. Idan za ki ci gaba da shinkafa, to 'yar gida da aka tsince tsakuwa ta fi 'yar waje sauƙin kuɗi, kuma ki riƙa haɗa ta da wake rabi da rabi.

Wake shi ne abin da ya kamata ya shiga tsakanin hanyoyin biyu. Hatsi kaɗai ba ya ba jikin yaro duk abin ginin jiki da yake buƙata, amma idan aka haɗa shi da wake ko waken suya ko gyaɗa, ɗaya yana cike giɓin ɗaya, kuma wannan shi ne mafi arhar abin da zai tsaya a madadin nama. Alale, ƙosai, ɗan wake, faten wake, da awarar waken suya, duk daga kwano ɗaya ko biyu suke fitowa. Matsalarsa cin wuta, maganinta kuma a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a dafa da 'yar kanwa kaɗan. Idan ya tafasa sosai na minti goma sha biyar, ina sauke tukunyar a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo in ajiye a kwali, bayan awa biyu zuwa uku in same shi ya yi laushi, gawayi kuma ya huta.

Akwai kuma maganar lokacin saye, wadda a nan hatsi yake da wata dama da taliya ba ta da ita. Taliya ba ta da kaka, abin da za ki rage kawai shi ne bambancin sayen katan a kasuwar Singa da sayen leda ɗai-ɗai a kantin unguwa. Hatsi kuwa yana da lokacinsa: gero ne yake fara shigowa wajen Satumba, masara ta biyo, dawa da wake kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba, kuma a yawancin shekaru a nan farashi yake faɗuwa, ya tashi daga Yuni zuwa Agusta. Idan kuɗin buhu ya yi miki yawa, ku haɗu ku huɗu ku sayi ɗaya a kasuwar hatsi ta Dawanau ku raba kwano goma-goma. Ki saya gwargwadon cinku kawai, domin ba kowace shekara farashi yake tashi ba, a 2025 saukowa ya yi, masu ajiya don riba suka yi asara.

Ajiyar ma tana da sharaɗi, kuma a nan ni na taɓa yin hasara. Wata shekara na sayi buhun sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba, saboda arha ta ja ni, na jingine shi a kan siminti a kusurwar sito. Bayan mako shida na kwance bakin buhun na tura hannu, na ji ɗumi a ciki, ƙasan kuma ya dunƙule ya yi kore-kore yana warin ruma. Rabin buhun ya tafi, kuma ban yarda na ba ko kaji ba, domin masara ko gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗaukar gubar da ke lalata hanta, wadda wanki da dahuwa ba sa kashewa. Tun daga nan, kafin in biya sai na ciji ƙwaya. Idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan haƙori ya nutse a ciki sai in wuce. A gida kuma sai na ƙara shanya ta kwana biyu, in ɗora buhun a kan katako nesa da bango. Wake kuwa a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS nake zuba shi, ko a jarka mai murfi da aka cika har baki, rashin iska yana kashe ƙwarin ba tare da an zuba magani ba. Ina roƙonki kada ki zuba maganin ƙwari a abin da yaranki za su ci.

Idan ni ce a matsayinki, ba zan kori shinkafa daga gida ba. Zan mayar da abincin dare tuwo kwana huɗu ko biyar a mako, da ɗumamensa da safe, rana kuma wake ko dambu ko fate ko shinkafa da wake, farar shinkafa da miya ta koma ta Juma'a da ranar baƙi, taliya kuma ta zama ta ranar da na gaji ko na dawo a makare. Idan tumatir ya yi arha a watan Fabrairu, ki yanka ki shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta, ita za ta riƙe miki miyar shinkafar da damina. Na san yaran da suka saba da taliya za su yi ƙorafi a makon farko, nawa ma sun yi. Kada ki fara musu da kuka. Ki fara da ɗanyar kuɓewa ko taushe, ki tuƙa tuwon da laushi, ki ɗiga ɗan man shanu a kai idan akwai. Kuma kafin ki sayi buhu, ki auno kwano biyar na masara ki gwada mako biyu, kina rubuta abin da kika kashe kullum a bayan littafin yaro, har da gawayi da kuɗin niƙa, sannan ki nuna wa maigida shafin tare da na makonni biyun da suka gabata.