Na cire ranfilat na saka Pilot Sport 4S, amma shagon da suka ɗaura min sun ɓata min rai

Wata huɗu kenan da canza tayoyin motata, sai yau na samu natsuwar rubuta wannan, don da a satin farko na rubuta to yabo zalla za ku karanta, da a sati na uku ne kuwa faɗa zalla.

Motar mai jan baya ce, rim 19, gaba 245/35 baya 275/30, wato na baya sun fi faɗi saboda haka babu zancen kai na gaba baya ka dawo da na baya gaba don su ci daidai. Da ranfilat ta zo, irin tayar nan mai taurin gefe da ko iska ta fita za ka iya lallaɓawa wajen kilomita 80 in dai gudunka bai wuce 80 ba. Amfaninta kenan, amma taurin fa, ko ɗan gargada ka taka sai ka ji shi a ƙugunka, dashbod na ƙara, iyali na ƙorafi a baya. Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da na faɗa wani rami da dare, washegari na duba na ga gefen ta gaba ta dama ya kumbura kamar ƙwai. 35 ɗin nan da ke jikin taya yana nufin tsayin gefenta kashi 35 cikin 100 ne na faɗinta, wato milimita 245 ɗin nan, in ka lissafa milimita 86 kacal ke tsakanin rim da kwalta, kuma kumburin gefe ba ya ɗaukar faci, zaren ciki ne ya tsinke.

Na yi ta kai kawo tsakanin Pirelli P Zero da Continental SportContact 7 da Michelin Pilot Sport 4S, daga ƙarshe na tsaya a kan Michelin, na ce duka huɗun za a canza don ba na son haɗa ranfilat da wadda ba ranfilat ba a mota ɗaya. Na tabbatar akwai harafin Y a jiki wanda ke nufin tana jure gudu har kilomita 300 a awa, ba don zan kai can ba sai don abin da aka rubuta wa motar kenan, da XL na ɗaukar nauyi. Wanda ke son daidai da na kamfani sai ya nemi tambarin motarsa, tauraro na BMW, MO na Mercedes, AO na Audi, N na Porsche.

To ranar da ta sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Kwana shida da ɗaurawa, muna dawowa da yamma ni da ɗana aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, waifa na aiki iya ƙarfinta amma da kyar nake ganin fitilar motar gabana. Ina kan wajen 80, kawai sai babbar motar da ke gabanmu ta taka birki lokaci guda saboda wani abu da ya faɗo mata a hanya. Ni ban ma san lokacin da na danne birki har ƙasa ba, na ji yana bugun tafin ƙafata alamar ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, ta shiga, na riƙe sitiyari ina salati ina jiran ƙarar karo. Wallahi motar ta tsaya cak, a miƙe, bayanta bai ko karkata ba, tsakanina da bambar babbar motar bai fi tsawon hannu biyu ba. Ɗana ya ce Baba me ya faru, na kasa ba shi amsa don hannuna rawa yake. Na san tsofaffin tayoyina, sun fara suɗewa, a irin wannan ruwan ko kwana na sha sai bayan motar ya ɗan yi santsi fitilar gargaɗin santsi mai ruwan ɗorawa da ke dashbod ta yi ta ƙiftawa. Allah ne ya kiyaye, amma tayar nan ita ce sila. Ga laushi a hanya, ga ƙarar nan ta wuuu da nake ji a kan babban titi ta ragu sosai, sitiyari kuma duk inda ka nuna nan motar ke zuwa.

Sai a sati na uku na fara jin sitiyari na ɗan kaɗawa in na kai 110. Na kai wani wuri daban a yi min balansin, yaron da ke aikin ya durƙusa yana goge tayar baya ta hagu sai ya ce yallaɓai zo ka gani. Lambar DOT ce, wadda ke nuna lokacin da aka ƙera taya, lambobi huɗun ƙarshe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Sauran tayoyi ukun duk 1424 ne, sati na 14 a 2024, ita kuwa wannan 3820. Taya ta yi sama da shekara uku a ajiye kafin a haifi 'yan uwanta aka haɗa min ita da su a kuɗi ɗaya, kuma a baya, inda duk ƙarfin injin ke sauka! Su kansu Michelin cewa suke in taya ta shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko zanenta bai cinye ba, kenan an cinye min wani kaso na rayuwarta tun tana kan kanta. Muna nan tsaye ya sake nuna min bakin rim ɗin gaba, an kankare shi kusan tsawon ɗan yatsa, aikin ƙarfen da suka ɓamɓare ranfilat da shi ne, ga dalmar balansin ɗaya da ta faɗi don ba su goge wurin ba kafin su manna.

Na koma shagon da rasit ɗina. Mai wurin ya dubi tayar ya ce Alhaji ai sabuwa ce dal, ba ta taɓa taka ƙasa ba. Na ce Malam ban ce ta taka ƙasa ba, na ce ka karanta min lambar nan. Sai da na yi zuwa uku kafin ya canza ta, shi ma da ɓata rai kamar alfarma yake min, maganar rim kuwa cewa ya yi haka na kawo shi. Ni da nake wanke rim ɗin nan da hannuna duk sati! Wannan ita ta fi ƙona min rai har yau, ba ma kankarewar ba, ƙaryata ni da aka yi a gaban yaransa.

Ita taya kam ko gobe zan ƙara sayenta, sai dai yanzu da ba ranfilat kuma motar ba ta da gurbin safaya, dole na sayi ƙaramin famfo da ruwan toshe huji na ajiye a but, kuma ina auna iska duk sati biyu da safe kafin taya ta yi zafi. Na baya na ga sun fara nuna alamar ci fiye da na gaba, zan kai a duba min alaimen a ƙarshen wata, amma ba a wancan shagon ba.