Jakar rataya riga da munka kai kayan amarya Abidjan da ita

Salam 'yan uwa mata. Tun da munka dawo daga bikin ƙanwata ake ta tambayata wai ya munka yi rigar amarya ta isa Abidjan ba ta lalace ba, to bari in faɗi abin da na gani game da jakar nan ta rataya riga mai dogon zif, wadda na saya nan babbar kasuwar Maradi a jikka 15.

Ɗaurin aure nan gida anka yi, amma shagali duk can ne saboda dangin ango 'yan kasuwa ne da sunka daɗe zaune a unguwar Adjamé cikin Abidjan. Rigar kuma nan anka ɗinka ta, doguwa ce fara mai net hawa hawa, duwatsu tun daga ƙirji har ƙugu ga jela a baya, nauyi gare ta sosai. Ranar da na je amsa tela ya ce mini "Hajiya don Allah kada ki bari a danne ta, in duwatsun nan sunka ciji net babu gyara." Inna kuwa cewa ta yi mu ninke ta cikin akwati kawai mu huta, na ce Inna ki yi haƙuri wannan kam a hannu za ta tahi, domin akwati yana iya kwana wani gari ya iso bayan an watse, atamfa ko leshi ana iya saye a can amma rigar da anka auna jikin mutum anka ɗinka ba a samun ta a shago.

Ita jakar tsawonta ya kai na mutum tsaye, yadi ne mai ɗan kauri wanda iska ke ratsawa, ba leda ba, kuma ƙasanta yana da faɗi yadda jela ke kwanciya ba tare da an cusa ta ba. Hannu biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in kin ninka sai su haɗu ki riƙe. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai.

Babban gwajinta ma ba a jirgi ya faru ba, a hanya ne. Daga nan zuwa Yamai kilomita sama da 600 ne, Konni, Dogondutsi, Dosso, wuni guda cur cikin bas, kuma lokacin hunturu munka tahi. Na ƙi yarda a sa ta ƙasa wurin kaya, bisa cinyoyinmu ta yi tahiyar ni da amarya muna karɓa karɓa. Da munka sauka akwatunanmu sun yi jajir da ƙura, bayan jakar ma haka, amma da munka buɗe ciki tas. Wuri guda kawai ƙura ke iya shiga, wato ramin da ƙugiyar marataya ke hitowa ta sama, shi ya sa na naɗe wuyan rigar da farin ƙyalle tun daga gida, kuma ƙyallen kam ya ɗan yi ja. Masu yin ta da sun sa ɗan murfi a wurin nan da sun gama aiki.

A hilin jirgi na Diori Hamani wurin awon kaya ne ya kamata kowa ta saurara da kyau. Rigar ba kyauta ake barinta ta shiga ba, ita ce kayan hannunki. Yawancin kamfanoni kilo 7 ko 8 suke yarda da shi a hannu, tsawo kuma wajen santimita 55, to tamu da jakarta ta kusa cinye kilon duka, dole na tura ƙaramin akwatina ƙasa na bar jakar hannu kawai. Ninki uku na yi mata kafin ta yi daidai, na sa farin zane tsakanin ninki da ninki don kada duwatsu su gogi net. Ku kira kamfanin tun kafin ranar ku tambaya, kowa da dokarsa.

Wurin bincike sun ce a buɗe, a nan ne zif ya nuna halinsa. Siriri ne mai arha, bai dace da jaka irin wannan ba sam, da na zo rufewa cikin sauri mutane na jira a baya sai ya kama bakin net, wallahi sai da gabana ya faɗi, amarya har ta fara hawaye tana cewa "Yaya kada ki ja." A hankali na lallaɓa shi ya saki. Wannan shi ne babban aibinta, sai kuma maratayar roba da take zuwa da ita wadda ba ta iya ɗaukar nauyi, ni ta katako na sa, kuma da igiyoyin cikin riga na rataye ta ba da kafaɗa ba saboda nauyin duwatsu na jan kafaɗa ta saki.

Af, maganar humra. Duk ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya shiga a hannu, wata baiwar Allah a gabanmu haka anka amshe mata kwalba guda tana roƙo ba a ji ba. Tamu cikin babban akwati munka sa, naɗe cikin leda biyu, nesa da fararen kaya domin man humra in ya taɓa farin yadi shi ke nan.

Cikin jirgi na roƙi ma'aikaciya ko za ta rataya mana, ta ce cikin fara'a wurin ƙarami ne kuma ya cika da kayan mutanen gaba, to kada ku dogara da wannan. Abin da ta nuna mana shi ya yi amfani, ta ce mu jira kowa ya gama tura akwatinsa a sama sannan mu shimfiɗa tamu a bisa, ta rufe da kanta. Haka ta iso ba abin da ya hau kanta.

Abidjan gari ne na bakin teku, laima gare shi ba irin bushewar nan ba, don haka muna isa masauki na hitar da ita na rataye ta sha iska. Layin ninki ya ɗan hito a ƙasa, sai munka bi shi da 'yar na'urar guga mai tururi daga ciki, wutarsu 220 ce kamar tamu ba sai an nemi wani abu ba. Dutsen guga kam kada ya kusanci net, narkewa yake. Shadda kuma kada ku sa mata tururi, sheƙin ke tahiya, ita yadda ta hito daga bugu haka munka bar ta a ninke cikin akwati kuma lafiya lau ta isa.

In an ce in sake saye zan saya, amma ranar da na saya zan wuce wurin tela ya cire zif ɗin ya sa babba mai ƙarfi. Wadda kayanta shadda ne da leshi kawai ba ta buƙatarta, gara ta sa kuɗin nan wurin ƙarin kilo.