Ubuntu ko Linux Mint?

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, ɗalibai a Gusau ke tambayata: tsakanin Ubuntu da Linux Mint, manhajoji biyu na Linux da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, wanne za su ɗora wa kwamfutarsu?

Duka kyauta ne, data kawai za ka kashe. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa gigabayit 6, na Mint kuwa kusan rabin haka. Mint ta fi sauƙi ga tsohuwar kwamfuta, fuskarta kuma kamar ta Windows.

Direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa wani sashe na kwamfuta ya yi aiki, shi ne ke sa mutum zufa. Na taɓa ɗora wa ƙanena Ubuntu a wata tsohuwar HP, wayfay ya ce bai san zance ba, katin wayfay ɗin na kamfanin Broadcom ne. Sai da na jona waya da kebul na jawo intanet, sannan na sauke direban. A Mint, manhajar da ke kula da direbobi, Driver Manager, na iya ɗauko shi daga filashin da ka yi amfani da shi wajen ɗora Mint ɗin. Amma dai asalinsu ɗaya, a kan Ubuntu aka gina Mint.

Mai tsohuwar kwamfuta da ya saba da Windows, Mint ta dace da shi. Mai koyon sarrafa saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima ta intanet), ya riƙe Ubuntu.